Tandun Gwaggo Larai

Duk Bahaushiyar da ta haihu a garin Greensboro na Amurka cikin shekara goma sha tara da suka wuce, da wuya a ce ba Gwaggo Larai ce ta yi mata wankan jego ba. Garin babu ganyen darbejiya, babu murhu, babu garwa. Da tawul da ruwan famfo mai zafi take gasa mai jego a bahon wanka, ana ihu tana tsiya. Ta dama kunun kanwa, ta yi farfesu, ta wanke jariri, ranar arba'in ta ɗauki jakarta ta koma gida. Yaran da ta fara wankewa yanzu suna tuƙa mota. In sun gan ta a filin Idi sai su ɗaga mata hannu su wuce, ba su san a tafinta cibiyarsu ta faɗi ba.

'Yar Malumfashi ce. Mijinta Malam Sirajo ya ci cacar biza suka taho, shi ya samu aikin ɗaga kaya a wani rumbun kujeru da ke High Point, ita kuma ta yi shekara tara tana ninke zannuwan gado a gidan tsofaffi har bayanta ya ce ya gaji. Sau uku tana samun ciki yana zubewa, daga nan shiru. Ba ta taɓa kuka a gaban mutane ba. Sunan Gwaggo ma ita ta karɓe shi da hannu biyu, don ya fi mata a kira ta da sunanta tsirara, kamar yarinya, ita da furfura ta fara.

Sai ga Afnan.

Uwarta Khairiyya tana digirin digirgir a fannin lissafi, ubanta Zubair yana aikin kwamfuta a wani kamfanin inshora. Iyayensu duk suna Kano. Da Afnan ta yi sati shida hutun Khairiyya ya ƙare, aka kawo ta wajen Larai, a ɗan gidansu na hawa na biyu da ke wajen titin West Market. Bakwai da rabi na safe a kawo ta, biyar na yamma a ɗauke ta. Wannan karon arba'in ta wuce yarinya ba ta tafi ba.

Ranar farko Khairiyya ta zo da takarda bugun kwamfuta ta manna a jikin firij.

“Gwaggo, ga abubuwan da likita ya ce. Ban da zuma. Ban da ruwa sai ta yi wata shida. A kwantar da ita rigingine. Kuma don Allah kada a sa mata komai a ido, ban da kwalli.”

“To, ranki ya daɗe. Ni da na wanke jarirai sun fi saba'in, yau ni ake rubuta wa allo.”

“Haba Gwaggo, ba raini ba ne.”

“Na sani. Tafi makarantarki kada malam ya zane ki.”

Ta kiyaye zuma. Ta kiyaye ruwa, sai dai ɗan ɗigon zamzam. Kwalli ma ta kiyaye har wata ɗaya da rabi.

Tana da tandu na jar fata, wanda hannu ya goge har ya yi duhu, da tsinkensa na tagulla. Innarta ce ta ba ta ranar da za a kai ta ɗakin miji, ita ma daga tata uwar ta gada. In kwallin ya ƙare sai ta yi sautu, mai dawowa daga gida ya taho mata da ƙulli. Wata safiya tana rangaɗa nata a gaban madubi, Afnan na kwance a gado tana bin hannunta da kallo, sai kawai ta sunkuya ta ja mata siririn layi a kowane ido. Ta ɗago ta suka kalli madubi tare. Larai ta daɗe a tsaye.

In da za a tambaye ta, cewa za ta yi kwalli yana wanke ido, yana kuma kare yaro daga bakin mutane. Ta yarda da hakan, ba ƙarya take ba. Sai dai ba shi ne ya sa ta ci gaba ba. A ranar ta goya Afnan suka hau bas zuwa cikin gari, a tashar wata dattijuwa Ba'amurkiya ta leƙa bayanta ta ce, “Kai, jikar nan taki idonki ta ɗauko sak.” Larai ba ta gyara mata ba. Godiya ta yi.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Motar Khairiyya na barin ƙofa, tandu zai fito. Huɗu da rabi na yi, ta sa auduga da man zaitun ta goge tas, ta wanke fuska, ta shafa mai. Tsakanin takwas da huɗu da rabi Afnan tata ce, kowa ya gani a fuska.

Da yarinya ta cika shekara, aka ɗaga bikin zuwa wata Asabar bayan sati uku, sai Khairiyya ta gama jarrabawa. Khairiyya ta tura jerin kayan da take so a zauren WhatsApp na matan garin: littattafai masu kauri, kofin koyon shan ruwa, bulo na roba, keken turawa na koyon tafiya. Kowa ta zaɓi ɗaya ta rubuta sunanta a gefe. Larai ta taɓe baki.

“Malam, ka ji zamani. Wai yanzu mai karɓar kyauta shi ke faɗin abin da za a ba shi.”

“To ke me za ki ba amaryata?” in ji Sirajo. Haka yake kiran Afnan.

“Ba roba ba dai.”

Tun tuni ta yanke. Kakar Afnan ta wajen uba ta aiko da 'yan kunnen zinari daga Kano, an yi ta nuna hotonsu a zaure. Larai ba ta da zinari. Amma kayan wasa karyewa suke, zinari kuma ana canza shi a wajen maƙera. Tandu ba ya zuwa ko'ina. Za a ajiye shi a durowa, wata rana budurwa ta ciro shi ta ce, wannan fa na wane ne? Dole a faɗi sunan. Har ta sayi ɗan akwatin kwali mai ruwan gwal ta gwada, ya shiga daidai.

Ranar Litinin ta satin bikin, ƙarfe biyu na rana, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

“Gwaggo, ni ce.”

Muryar Khairiyya ce. Afnan na zaune a tsakar falo da cokali a hannu, ido ya sha kwalli raɗau.

“Ina zuwa! Ina banɗaki!”

Ta sure ta. Audugar ta ƙare, ta yagi takardar banɗaki, man ya zube a kan rigarta. Afnan ta fara zillo tana kuka, baƙin ya dame ya gangaro kumatu. Aka sake bugawa, da ƙarfi wannan karon. Ta wanke da ruwa, ta goge da gefen zaninta, ta duba, ta sake gogewa.

Ashe da ta bar wahalar da kanta. Khairiyya ba ta ko kalli fuskar ba, rungume 'yar ta yi ta zauna a ƙasa, da takalmi a ƙafarta.

“Gwaggo, sakamakon jini ya fito. Wanda suka ɗiba a yatsa ya yi sama, suka sake ɗiba a jijiya, ban gaya miki ba don na ɗauka kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Akwai dalma a jininta.”

“Dalma? Irin ta Zamfara?”

Abin da Larai ta sani ke nan game da gubar dalma: ƙauyukan masu haƙar zinari, da yaran da aka ce sun yi ta mutuwa, shekarun baya a rediyo.

“Bai kai can ba. Sun ce ba sai an kwantar da ita ba. Amma yana taɓa ƙwaƙwalwa, Gwaggo, a hankali, ba a gani. Magana, karatu, komai. Kuma sai an gano inda take samu, in ba haka ba ƙaruwa zai yi ta yi.”

“Innalillahi. A ina yarinya za ta ga dalma a Amurka?”

“Zubair ya ce fentin gidanmu ne. Tsohon gida ne.”

Larai ta yi ta ba ta baki, ta dama mata kunu, ta tofa wa Afnan addu'a. Ko kusa zuciyarta ba ta je kan tandu ba. Abin da ta raya shi ne baki ya kama yarinyar, yawan hotunan da ake sawa a zaure ne. Don haka ranar Talata ta ja layin ya fi na kullum kauri. Laraba ma haka.

Ranar Alhamis ma'aikaciyar lafiya ta gunduma ta zo duba gidan su Zubair, aka ce Larai ta zo ta riƙe Afnan. Gidan katako ne kusa da jami'a, mai baranda da tsohuwar bishiya a gaba. Wanda ya ba su hayar gidan, wani dattijo baƙar fata mai suna Desmond, yana tsaye a baranda da hularsa a hannu. Shi ya kafa wa Afnan gadonta da aka haife ta. Yau Zubair ko gaisuwarsa bai amsa da kyau ba.

Matar ta bi gidan da wata na'ura kamar bindigar wasa, tana manna ta a bango, a taga, a ƙofa, tana rubutawa. Ta ɗebi ruwan famfo, ta shafi ƙurar ƙasa, ta tono ƙasar tsakar gida. Ta ce abin da na'urar ta nuna bai kai ya bayyana wannan sakamakon ba, amma sai an dawo da gwajin sauran.

“Na ce maka na canza tagogin nan duka kafin ku shigo,” in ji Desmond.

“Lauya zai tantance,” Zubair ya ce da Turanci, sannan ya juya ya ƙara da Hausa, “Tsohon banza, zai kashe min 'ya yana min murmushi.”

Suka zauna a kicin. Matar ta fara tambayoyi. Tukwanen ƙasa? Babu. Maganin gargajiya? Babu. Kayan yaji daga waje? Khairiyya ta miƙe ta buɗe kabad ta ciro robar yaji da kuka da daddawa, ta dire a tebur da ɗan ƙarfi.

“Mahaifiyarsa ce ta aiko.”

“Me kike nufi?” in ji Zubair.

“Ban nufi komai ba. An tambaya na faɗa.”

“Yajin da kika yi wata uku kina sha kina santi, yau shi ne guba?”

“A injin kasuwa ake niƙa shi, Zubair, ka san me aka niƙa kafin shi?”

“To ki kira Hajiya ki gaya mata da bakinki.”

Matar ba ta jin Hausa, amma ta san faɗa in ta gan shi. Ta zaro wani kati mai hotuna ta ajiye a tsakiyarsu, ta ce su duba ko akwai abin da suka sani. Akwai kwanukan ƙasa masu ƙyalli, da jan gari irin na Indiyawa, da alewa a takarda. A kusurwar ƙasa akwai tandu. Jar fata, dogon wuya, tsinke a gefe. Kamar an shiga ɗakin Larai an ɗauki hotonsa.

Matar ta ɗora yatsa a kai. Ta ce wannan suna yawan samunsa a gidajen 'yan Afirka ta Yamma, wani kwallin ma fiye da rabinsa dalma ce. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan.

“A'a,” in ji Khairiyya da sauri. “Ko ni ba na sawa. Ba a taɓa sa mata ba, tun ranar farko na hana. Ko ba haka ba, Gwaggo?”

Afnan na kan cinyar Larai, ta murza ido da bayan hannu, ta cusa yatsu biyu a baki.

Larai ta cire mata hannun a hankali. Allah ya taimake ta yau ba ta sa nata ba, saboda saurin fitowa.

“Kin hana,” ta ce.

Ba ta yi ƙarya ba. Ta riƙe wannan a ranta har ta isa gida, kamar wanda ya riƙe reshe a bakin rijiya. Kafin matar ta tafi ta ce tunda yarinyar a wajen Larai take wuni, ranar Litinin za ta je can ma ta duba.

Juma'a Sirajo ba ya komawa aiki bayan masallaci. Larai ta ce ya kai ta kanti. Ta sa Afnan a kujerarta ta mota, ta ciro tandun daga akwatin gwal ta jefa a ƙasan jaka.

A kantin ta zaunar da yarinyar a keken sayayya ta shiga layin kayan wasa. Sau nawa ta yi wa Turawa dariya kan rubutun da suke cika kwali da shi, wai kada a ba ɗan ƙasa da shekara uku, wai yana iya shaƙewa. Yau tabarau ta sa tana bin kowane layi da yatsa. Ta ɗauki 'yar tsana, ta ja idon da farce, ta ga zai iya fita, ta mayar. Ta ɗauki ganga mai jan fenti, ta shinshina, ta mayar. Wata mota mai kiɗa ta burge Afnan har tana miƙa hannu, Larai ta juya ta ga murfin batir, ta mayar, yarinya ta sa kuka. Duk abin da ta taɓa sai ta ga ta inda zai cuci yaro. Awa guda tana zagaye layi biyu.

Daga ƙarshe ta buɗe waya ta nemo jerin da ta raina. An ɗauke komai sai abu ɗaya: keken turawa. Ta same shi a ƙasan kanta, na farin katako, ba fenti ko ɗigo. Ta tare wata ma'aikaciya ta tambaye ta ko akwai dalma a ciki. Matar ta ce katako ne zalla. Larai ta ce ta duba dai. Ta duba, ta karanta mata. Sannan ta rubuta sunanta a jerin, a ƙasan na kowa.

A wurin ajiye motoci Sirajo ya sa kwalin a but, ya shigo bai tayar da mota ba. Ya gyara madubi yana kallon Afnan a baya.

“Yau idon amaryata fari tas.”

Larai ta gyara riƙon jakarta.

“Zubair ya ba ni labarin katin a masallaci. Yana faɗa yana dariya, wai har da kwalli suke tambaya.”

“Ka sani ke nan.”

“Larai, gida ɗaya muke. Ranar da ba ni da aikin safe a gabana kike sawa. Ni ma kyau yake min. Wa ya san abin da ke ciki? Uwata ta sa min, ga ni.”

“Ga ka, shekara ashirin kana neman makullin da ke aljihunka.”

Bai yi dariya ba. Ya nuna da haɓa. A ƙarshen filin akwai babbar bola ta ƙarfe, koriya.

“Tandun yana jakarki, ko? Je ki jefa. Kin daina sawa, jinin zai sauka da kansa. Litinin matar ta zo ta ga gida fes. Wa aka cuta?”

“Desmond fa? Da Hajiyar Zubair?”

“Gwaji zai wanke su. Ke wa zai wanke ki? Kin san matan garin nan. Kafin la'asar an sa ki a zaure, kowace ta tuna kin taɓa riƙe mata ɗa.” Ya yi ƙasa da murya. “Kuma ba za su sake kawo ta ba.”

Ta dube shi. Mutumin da a da sai bayan isha yake shigowa, yana fakewa da hira a masallaci, tun zuwan Afnan huɗu da rabi yana gida, don ya samu rabin awa kafin a ɗauke ta. Ba ita kaɗai yake ji wa tsoro ba.

Ta fita. Rana ta gasa kwalta, filin ya yi mata tsawo. Ta isa bolar, ta ɗaga murfin gefe, wari ya bugo ta. Tandun na hannunta, da ɗumi kamar abu mai rai. Sai waya ta yi ƙara.

“Gwaggo, ta ci abinci?” Muryar Khairiyya a dishe.

“Ta ci. Tana ta dai jan rigata, kamar nono take nema.”

“Na hana ta tun jiya. Na je an ɗebi jinina ni ma. Gwaggo, ni na sha yajin nan, ni na sha kanwa, ni nake ba ta nono. In ba bango ba ne to ni ce. Ni na zauna ina ɗura mata, ina can ina lissafin banza.” Ta fashe da kuka. “Zubair ko magana ba ya yi min. Ki yi min addu'a, ke kaɗai nake iya gaya wa.”

“Ki yi haƙuri. Ki ba ta nononta, ba ke ba ce.”

“Ta yaya kika sani?”

Wata mota ta wuce. Larai ta buɗe baki.

“Jikina ne ya ba ni,” ta ce.

Ta saki murfin ya rufe. Da ta dawo Sirajo ya kalli jakar, ya kalle ta.

“Ba zan jefa kayan Inna cikin ƙazanta ba,” ta ce. “Mu tafi.”

Ko ita ba ta san ko dalilin ke nan ba.

Saboda zargin gidan, a wata rumfa ta wurin shaƙatawa aka yi bikin, Asabar da rana. An ɗaura balan-balan, an jera kulolin shinkafa da waina, yara na guje-guje suna amsa wa iyayensu da Turanci. Afnan ta sha farar riga da 'yan kunnen Kano, ta ƙi kowa, har uwarta, tunda uwar ta hana ta abin da take so. Sai da Larai ta goya ta ta yi shiru.

“Oh, 'yar Gwaggo!” in ji wata mata mai suna Bebi. “Khairiyya, ke dai haihuwa kawai kika yi, ga mai 'ya nan.”

Aka yi dariya. Ranar da duk ta wuce, wannan maganar za ta ishi Larai jin daɗin sati. Yau kamar an ɗora mata dutse.

Aka buɗe kyaututtuka ana tafi. Da aka zo kan keken, Bebi ta ce, “Lallai, Gwaggo ma ta bi jeri! Ina abin gargajiyar da aka ce za ki ba mu mamaki da shi?”

“Tsufa ya sa na manta,” in ji Larai.

Khairiyya na gefe, ta rame cikin kwana biyar, gaban rigarta ya jiƙe ta rufe da mayafi. Zubair na can wajen maza, bai ko waiwayo ba. Da ta tashi ɗauko sauran lemo a mota, Larai ta bi ta, da goyo a bayanta.

But ɗin a buɗe ya kare su daga mutane.

“Maman Afnan. Akwai saura. Wannan naki ne.”

Ba a akwatin gwal ta sa shi ba. A ledar firij mai zif ta sa, irin wadda ta ga ma'aikaciyar na zuba samfur. Khairiyya ta karɓa tana shirin yin murmushin godiya. Murmushin bai ƙarasa ba.

“Ki kai wa matar nan ta gwada. Ba bango ba ne, ba yaji ba ne. Ba ke ba ce.”

Khairiyya ta daɗe tana kallon ledar. Daga rumfa ana kiran a zo a yanka kek.

“Tun yaushe?”

“Tana wata uku.”

“Kullum?”

“Ban da Asabar da Lahadi.”

“Ban taɓa gani ba.”

“Ina gogewa kafin ki zo.”

Wannan ce ta shige ta. Larai ta ga lokacin da ta shiga. Da ta ce mantuwa ce, ko rashin sani, da akwai wurin tsayawa. Amma mai gogewa ya san an hana shi.

“Ranar Litinin da na zo kina banɗaki.”

“Eh.”

“Ranar Alhamis na tambaye ki a gaban matar. Jiya na kira ki ina kuka.” Muryarta ba ta tashi ba, ƙasa ma take yi. “Me ya sa, Gwaggo? Me na yi miki?”

Amsoshin na nan a bakin Larai, wanke ido, bakin mutane, haka aka yi mana. Ta haɗiye su.

“In na sa mata, sai a ce tawa ce.”

Khairiyya ta sa ledar a jakarta ta ja zif. Ta zagayo bayan Larai, ta kama Afnan, da ɗaya hannun ta warware majanyin da kanta. Yarinya ta farka ta sa ihu tana miƙo hannu. Uwar ta shiga bayan mota ta ja ƙofa, ta ɗaga riga. Cikin ɗan lokaci kukan ya tsaya.

Larai ta tsaya da zanin goyo a hannu, bayanta duk gumi, iska na bugunsa.

Gwaji ya tabbatar da abin da ta riga ta sani. Zubair ya je har gida ya ba Desmond haƙuri, ya kuma zo ya kwashe kayan Afnan daga wajen Larai. Ya gaishe ta a tsaye, bai zauna ba. Aka sa yarinyar a gidan renon yara kusa da jami'a. Khairiyya ta tura hoton tandun a zaure da gargaɗi, ba ta sa suna ba, ba kuma sai ta sa ba, kowa ya san jar fatar nan. Mata huɗu suka kai 'ya'yansu gwaji. Wata da za ta haihu a watan ta ce ƙanwarta za ta zo daga Atlanta ta yi mata wanka. Sirajo ya koma hirar masallaci. Takardar dokoki na nan a jikin firij, Larai ba ta cire ba.

Bayan sati bakwai, tana tsince shinkafa da hantsi, saƙo ya shigo daga Khairiyya. Babu gaisuwa. Hoton takardar asibiti ne, an zagaye wata lamba da jan biro, ta yi ƙasa da ta farko. A ƙarƙashinsa bidiyo na daƙiƙa goma sha ɗaya: Afnan a baranda, ta riƙe keken katako, tana tura shi tana tangaɗi, taku ɗaya, biyu, har biyar, sannan ta zauna daɓas ta ɗago tana dariya.

Larai ta rubuta “Alhamdulillah,” ta rubuta “ki gaishe ta,” ta goge na biyun ta tura na farkon. Ta sake kunna bidiyon, ta tsayar da shi daidai inda yarinyar ta ɗago, ta buɗa hoton da yatsu biyu. Manyan idanu ne farare, masu ɗan lanƙwasa a gefe. Na Khairiyya ne sak.